Karan Mama Ya Je Legas

Tun da aka dawo hutu ba ku bar ni na sha ruwa ba. A aji, a bakin famfo, har a coci ana tsakiyar waƙa sai in ji an zungure ni: "Ladi, wai da gaske kin kama ɗan damfara a Legas?" Na ba da labarin nan har muryata ta dishe. Jiya kuma na ji wata 'yar aji ɗaya tana rantsuwa wai na mari ƙarti bakwai. Ban mari kowa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin in gishiri za a ƙara, gara ni in ƙara abina da hannuna.

Sai na fara da Tozo, saboda waɗanda ba su san layinmu ba. A bakin layinmu, can bayan kasuwar Samaru, akwai wani tudun siminti da aka yi a kan bututun ruwan unguwa. Ina jin katanga aka ce magini ya yi, ya gaji a rabi. Masu Keke in sun iso wurin sai su ce, "Hajiya, a nan duniya ta ƙare, a sauka." Shi ne Tozo.

Shekara bakwai da suka wuce Babanmu ya sayi mota ta hannun wani dillali, bai taɓa ganinta ba sai a hoto. Ranar da ta iso ya taho da ita yana ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Tozo ya kama ta ta ciki, ƙwas! Kaskon baƙin mai ya fashe. Baba bai sani ba, ya fita ya ƙara zaga unguwa sau biyu don waɗanda ba su gani ba su gani, har inji ya ƙone. Tun daga ranar tana ƙarƙashin mangwaronmu, kajin Mama suna ƙwai a kujerar baya. Iro mai faci, wanda rumfarsa ke daidai gaban Tozo, ya sa wa Baba suna Malam Akurki, sunan kuma ya bi shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, rabin Samaru sun bi ta ajinsa! Ko da aka fara raba katin bikin Yaya Hannatu, wani ya karɓa ya ce, "Au, ta gidan Akurki?" A gaban Baba. Ranar bai ci tuwo ba.

Da ya yi ritaya, tsofaffin ɗalibansa suka haɗa masa gudummawa a kan abin da ya samu, sai ya ce mota zai sake saya, kuma da ita zai ɗauki Yaya Hannatu daga ƙofar gida zuwa coci, a kan idon Iro. Ba kowace mota ba, wai haibirid, irin wadda take da inji kuma take da babban batir, wani lokaci ta yi tafiya da fetur, wani lokaci da lantarki. Mai kujerun fata, mai kwance da ciki kamar ƙadangare. Tsohuwar yayi ce a wurin masu ita, amma a wurinmu jirgin sama ce.

Mama tana kan keken ɗinkinta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baban Hannatu, na yarda. Amma da sharaɗi uku. Da ƙafarka za ka je ka gani. Chidi zai bi ka. Ladi kuma ita ce idona, domin kai in ka ga abu yana sheƙi, lissafin naka guduwa yake yi."

Kun san yadda iyayenmu suke yi in za a sayo wa yaro takalmin Kirsimeti ba a je da shi kasuwa ba: a auna ƙafarsa da tsinken tsintsiya a tafi da tsinken. To haka Mama ta yi wa Tozo. Ta zaro karan dawa daga dangar makwabta, ta tsuguna a bakin layi da rana tsaka, Iro yana dariya har yana riƙe ciki, ta auna tsayin Tozo daga ƙasa zuwa ƙoƙon kansa, ta ƙara yatsa biyu saboda tsoron Allah, ta yanke. Da ta koma gida ta tura bakin karan biyu a murhu suka yi baƙi. Haka take yi wa tsinken takalmi ma, don in ya karye a hanya a gane. Ta naɗe shi a farin hankici, ta ɗaure da jan zare, ta danƙa mini.

"In karan nan bai tsaya a ƙarƙashin cikinta ba, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Kuma ki auna ta da mutane a ciki. Mota ba ta shiga layinmu da yunwa."

Sati guda kafin tafiya ta sa mini data ta ce in karance duk abin da ake dubawa a irin motar. Na karanta har ina mafarkin batir.

Da sassafe muka hau Keke zuwa Sabon Gari, inda Oga Chidi yake jiranmu a tasha. Oga Chidi bakanikenmu ne, a Sabon Gari aka binne cibiyarsa, Hausa kuwa in ya fara karin magana sai Baba ya ce a fassara masa. Kayan aikinsa biyu ne: kunnensa da wata doguwar sukundireba. Ya ɗora bakinta a kan inji, ya kanga ƙotar a kunne, ya lumshe ido, sai ya gaya maka har abin da motar ta ci jiya.

Mama ta hana tafiyar dare, don haka muka raba hanyar biyu, Lokoja tukuna. An cusa mu a bas kamar kifin gwangwani. Ni aka sa ni kusa da wata mata mai buhun busasshen kifi, har yau in na sa rigar nan kyanwarmu bina take yi. Kafin Kaduna wani mai jaka ya miƙe ya yi mana addu'a mai tsawo, muka ce amin da ƙarfi, sai ya buɗe jakar ya fito da magani guda ɗaya da yake warkar da basir, ciwon haƙori, mantuwa da rashin miji. Oga Chidi ya ce, "Malam, yana gyara giyar mota?"

Wasunku sun tambaye ni ko mun tsallake boda. Ƙasa ɗaya ce, jahilai. Amma in kuna son boda, gadar kogin Kwara ce. Ruwa ne iya ganinka, na rufe ido ɗaya na bar ɗaya saboda labari. Muna sauka daga gadar masu kaki suka tsayar da mu, kowa ya buɗe jaka. Wani dogo ya ga farin hankici da jan zare a tawa, ya ja da baya taku biyu.

"Wetin be dis?"

Ni kuwa shaiɗan ya raɗa mini, na sunkuyar da murya na ce, "Mamata ta ce kada namiji ya taɓa."

Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku. Suka kewaye jakar ba mai sa hannu. Sai da Baba ya zo ya kwance zaren da kansa, ya ɗaga kara sama, ya shiga yi musu bayanin Tozo da Turancin aji, har da zane a ƙasa. Babbansu ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce mu tafi, Allah ya ba Tozo haƙuri. A mota Baba ya murɗe mini kunne, amma na ga gefen bakinsa yana rawa.

A Lokoja muka kwana a masaukin baƙi na wani coci. Ku da kuke kukan zafin Zariya a watan Afrilu, ku je ku nemi gafara. Fankar ɗakin tana juyawa ne kawai don kada a ce ba ta zo aiki ba. Amma kifinsu! An kawo mini kan kifi ya fi kan Iro.

Washegari muka bi ta Okene, daji ya fara duhu, ƙasa ta yi ja, har muka shiga Legas da la'asar. Abin da na fara lura da shi, mutanen garin nan ba sa tafiya, gudu suke yi, kamar kowa ya bar miya a wuta. Kuma ba a gaisuwa. Baba ya tare wani kwandasta zai tambayi hanya, ya fara da "Barka da yamma, ya aiki, ya iyali," kafin ya kai ga "ya gajiya" motar ta kai wata unguwa. Amma kuma a gidan tsohon ɗalibin Baba da muka sauka, hawa na huɗu, yaran gidan suka zube ƙasa rub da ciki suna gaishe shi. Na ce to, ashe gaisuwar tara ta suke yi sai sun koma gida su juye gaba ɗaya.

Kasuwar motocin kuwa, ku ɗauki filin ƙwallon makarantarmu ku jera guda ashirin, ku cika da motoci har ba wurin tofa yawu. Kowa a wurin sunansa Ciyaman. Namu Ciyaman ɗin wani mai tumbi ne da sarƙa a wuya, ya yi zaman Kano, yana jin Hausa. Yana ganin hular Baba ya buɗe hannu: "Babana! Tun safe jikina yake ba ni yau ɗan'uwa zai zo!"

Ya kai mu gaban wata ja. Jama'a, ja ce kamar an yanka kankana. Ina ganin fuskata a ƙofarta har da ƙurjin da ke goshina. Na dubi Baba na ga lissafi ya tattara kayansa ya kama hanyar Zariya. Yana shafa ta yana cewa, "Hannatu a nan baya, da farin mayafi..."

Ciyaman ya shiga ya danna maɓalli. Shiru. Oga Chidi ya ce, "To tayar mana."

"Ai ta tashi."

Oga Chidi ya buɗe bonet, ya kafa sukundireba, ya kanga kunne, ya lumshe ido. Ya canza wuri. Ya canza kunne. Yaran kasuwa suka taru suna ƙyaƙyata dariya. Na matsa na raɗa masa cewa irin wannan da lantarki take farawa, injin sai ta ga dama take tayar da shi. Ya buɗe ido ya dube ni kamar na ce masa an soke Kirsimeti.

"Ladi, motar da ba ta magana, ta yaya za a san tana ƙarya?"

Amma tsohon hannu tsohon hannu ne. Ya ɗora tafinsa a kan injin, ya ɗaga gira. "Ciyaman, wa ya ɗumama mana tuwon tun ba mu zo ba? Ni da sanyinta nake son ganinta. Gobe da safe, kada kowa ya taɓa ta."

Sai na kwance hankici. Na shimfiɗa ɗankwalina a ƙasa, na kwanta, na tura kara ƙarƙashin cikinta. Ya ƙi tsayawa. Na gwada gaba, na gwada tsakiya. Saura kamar kaurin yatsa, amma ya ƙi, kuma ba kowa a ciki.

"Baba, ba ta ci ba."

"Sake gwadawa."

"Baba, ko sau goma ne."

Ciyaman ya karɓi karan yana juya shi, ya ji labarin Tozo, ya yi dariya har sarƙarsa tana tsalle. Ya ce iskar taya ce ta yi ƙasa, gobe za mu gani. Ya ce mu je mu ci abinci a kansa, mu bar jakunkuna a ofishinsa saboda rumfar mai abincin ba wuri. Ni da wayona, ni da na tsorata masu kaki uku, na ajiye jakata da karan a ciki na bi ƙamshin miya. Wannan ita ce wautar da na yi, na kuma faɗa da bakina kafin wata ta faɗa.

Mai abincin ana ce mata Iya, mace ce mai jiki, in ta zauna benci sai ya yi addu'a. Ta zuba mini amala, wani tuwo baƙi mai santsi, da miya kore mai yauƙi kamar karkashi, da jar miya a kai. Loma ɗaya na ga kakannina. Barkonon mutanen nan ba yaji ba ne, hukunci ne. Ina hawaye ina ci, Iya tana dariya tana ƙara mini nama, tana ce mini "omo Hausa," wato 'yar Hausawa da Yarbanci.

Da safe muka koma. Ja tana nan an ƙara goge ta. Na kwanta na tura kara, sai ga shi ya shige ya tsaya cak, har da ɗan sarari. Baba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Godiya ga Ubangiji!" Ciyaman ya ce, "Ban gaya maka ba, Babana? Iska ce!" Har ya aika a kawo takardu.

Ina jawo karan sai yatsana ya ji bakinsa da kaifi. Na duba. Gefe ɗaya baƙi, yadda Mama ta ƙona shi. Ɗaya gefen fari tas, sabon yanka, an ɗan shafa masa ƙasa.

In na yi shiru, Baba zai sayi jar nan, Tozo ya farke mata ciki a gaban Iro da amarya a ciki, kaji su samu bene. In na yi magana, ga ƙarti sun kewaye mu a garin da ban san kowa ba sai mai amala. Na tuna fuskar Baba ranar da bai ci tuwo ba. Na miƙe, na ɗaga kara sama yadda kowa zai gani.

"Baba, an yi wa karan Mama kaciya."

Oga Chidi ya karɓa ya duba, ya shinshina, ya ce, "Reza ce. Sabuwa ma."

Ciyaman ya dafa ƙirji. "Ni? Haba 'yata! Zafin Legas ne, kara yana bushewa ya tsuke. Ko kuma ɓera. Ofishin nan akwai ɓeraye."

Oga Chidi ya ce, "Ɓeran naku da tef ɗin awo yake yawo?"

Baba dai yana ta duban jar kamar wanda aka ce masa budurwarsa tana da miji. Can ya ce, a hankali, "To yanzu da me za mu auna? Ma'auni ya lalace." Na ji a muryarsa yana neman ƙofar da zai bi ya saye ta. Na kira Mama na sa a sifika. Ana jin ƙarar kekenta.

"Mama, an rage kara."

Keken bai ko tsaya ba. "Baban Hannatu yana kusa? Ka buɗe littafin waƙoƙinka na coci, wajen tsakiya."

Baba ba ya tafiya ba da littafin nan ba. Ya zaro shi daga aljihun jaka ya buɗe, sai ga tsinken tsintsiya kwance a tsakanin shafuka, baki biyu a ƙone. Muka jera shi da kara: kara ya gaza da kaurin yatsa ɗaya da rabi.

Mama ta ce, "Shekara ashirin da shida ina aiken mutum kasuwa. Ku gaida mai rezar." Ta kashe.

Yaran da suka yi wa Oga Chidi dariya jiya, yau Ciyaman suke yi wa. Shi kuwa Oga Chidi zuciya ta kawo, ya ce tunda an yi ƙarya a waje, bari a ga ciki. Na gaya masa abin da na karanta, cewa a ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Ya ja, ya ja, sai ga wani layin laka busasshe a can ƙurya, inda mai wanki bai kai ba. Ya ɗaga shimfiɗar but ɗin bayan mota ya cusa hanci, ya ce warin rijiya. Ƙusoshin da ke kusa da babban batirin duk sun yi tsatsa. Ashe jar nan ta sha ambaliya a can ƙasar wajen da ta fito, har wuya, aka tsamo ta aka yi mata hoda aka turo mana.

Nan Baba ya dawo Baba. Ya gyara tabarau, ya fito da muryar nan da take sa ɗan aji shida fitsari, ya ce, "Shekara talatin ina kama masu satar amsa. Ban taɓa ganin wanda ya saci tambayar ba sai kai." Ya juya, muka bi shi. Ban mari kowa ba, kun dai ji.

Iya ce ta cece mu. Labari ya riga mu isa rumfarta, ta ba ni nama biyu kyauta, ta ce akwai wata Madam a can ƙarshen kasuwa, ba ta da surutu, motocinta ma ba sa sheƙi. Ta bar wa 'yarta tukunya ta raka mu da kanta.

Motar Madam ruwan toka ce, ƙura ta rufe ta, an rubuta "wash me" da yatsa a gilashin baya. Irin jar ce, sai dai ba a sa mata waɗannan robobin gayu da suke saukar da ciki ba. Baba ya dube ta kamar an ba shi koko ba sukari. Madam ta miƙo makulli ta ce kwana huɗu ba a tayar da ita ba, ga ƙujewa a ƙofar baya, taya ɗaya ta kusa mutuwa, sauran mu nemo da kanmu. Ta koma ta zauna tana cin gyaɗa.

Muka yi mata binciken da ko asibiti sai haka. Inji da sanyinsa. Na danna maɓalli ina ƙirga fitilun gaban direba, domin wasu sukan cire ƙwan fitilar da ke tona asiri: duka suka kama, duka suka mutu. Bel huɗu muka ja har ƙarshe, tas. Muka kunna esi mai sanyaya mota muka zauna muna kallon sandunan batir a allo, ko za su zube da sauri kamar na wayar Yaya Hannatu. Suka sauka a hankali, da mutunci. Can sai injin ya tashi da kansa, Oga Chidi ya yi tsalle da sukundireba kamar an kira sunansa a gidan rediyo. Ya saurara ya fi minti biyar. Ya ɗago ido jawur.

"Malam, wannan ba ta ƙarya. Magana ce kawai ba ta da yawa."

A gefen kujerar baya akwai wata 'yar taga da fankar batir take shan iska. Oga Chidi ya buɗe ya zaro gashi cike da hannu. Na yi ihu na ce asiri ne. Madam ta ce gashin kare ne, wai a can kare a kujerar baya yake zama, har da bel. Baba ya ce, "To ai mu ma kaji muka sa, kada mu yi musu dariya." Wannan ne karo na farko da na ji Baba ya yi wasa da maganar akurki.

Madam ta yarda muka kai ta wurin mai kwamfuta wanda mu muka zaɓa, ba nata ba. Ya jona, ya ce ɗakunan batirin duk kansu ɗaya, ba wanda ya rame. A hanyar dawowa muka faɗa cunkoso, motoci suna ta hayaƙi suna ƙona mai, tamu ta kashe injinta tana silalawa kamar mage. Na ga Baba ya fara shafa kujera.

Saura babbar jarrabawa. Mama ta ce da mutane a ciki, ranar biki kuwa dole Mama Talatu shugabar zumuntar mata ta zauna kusa da amarya, kuma kun san jikin Mama Talatu, ita da Iya ba wadda ta bar wata. Muka dubi juna, muka dubi Iya. Ta gane, ta ce ba komai. Baba ya shiga gaba, Oga Chidi a sitiyari, Madam da Iya a baya, aka ƙara wani mai sayar da ruwa. Motar ta yi ajiyar zuciya ta sauka. Na kwanta da tsinken Mama. Na tsayar da shi a gaba, ya tsaya. Tsakiya, ya tsaya. Wajen salansa, inda ya fi ƙasa, ya tsaya, da sararin da bai fi kaurin biskit ba.

Na yi ihu daga ƙarƙashin mota, "Ta ci!" Iya ta rangaɗa wata irin guɗa tasu, rabin kasuwa ya waiwayo.

Oga Chidi ya ce, "Motar da ta nuna maka tabonta ta fi wadda ta sha hoda." Aka duba takardu, aka canza taya, aka wanke ta. Ashe a ƙarƙashin ƙurar nan kyakkyawa ce, irin kyan da ba ya ihu.

Dawowa ba labari, sai dai Oga Chidi yana ta ƙwanƙwasa allurar mai, wai ta maƙale, don ta ƙi sauka. Muka sake kwana a Lokoja, muka wuce masu kakin nan, dogon ya gane ni ya ja da baya. Ranar Alhamis da la'asar muka hau gadar Kwangila, na ga Keke, na ji ƙamshin masara gasasshiya, na ji kamar in sauka in rungumi kowa.

A Palladan Baba ya ce Oga Chidi ya tsaya, shi zai shiga da ita. Kafin mu iso layi ya cika, don Yaya Hannatu ba ta iya riƙe magana. Iro ya fito da benci gaban rumfarsa, ya harɗe, har da rake. Yana hango mu ya ɗaga murya: "A gaya wa kaji an kawo sabon gida!"

Mama ta fito da tabarma. Ta ce Mama Talatu ta shiga baya, da Yaya Hannatu, yau za a yi ta ta ƙare. Ta shimfiɗa tabarmar a gefen Tozo, ta kwanta a kan haƙarƙarinta da zanenta na fita, ta kafa ido a ƙarƙashin mota. Ni ma na kwanta kusa da ita.

Baba ya taho a hankali. Injin a kashe, lantarki kawai, ba ka jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Layin gaba ɗaya ya zuba ido, har Iro ya daina tauna. Tayoyin gaba suka hau, suka sauka. Cikin motar ya zo daidai kan Tozo. Na ga hasken rana siriri kamar zare tsakanin siminti da ƙarfe, bai yanke ba. Tayoyin baya suka hau, suka sauka.

Mama ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce, "Yatsa biyun nan ne." Sai guɗa ta ɓarke.

Ranar Asabar Baba ya kai Yaya Hannatu coci da kansa, ya tsallake Tozo sau huɗu, ɗaya ma ba dalili. Tsinken yana nan Mama ta rataye shi a jikin kalanda, har mutum biyu sun zo aro.

Iro kuwa, ranar Litinin da safe yana tsugune a bakin layi ya ba hanya baya, yana ba masu shayi labari wai sa'a ce kawai. Baba ya fito zai kai ni makaranta. Motar ba ta magana, kun sani. Muka silalo har bamba ta kusa taɓa rigarsa bai ji ba. Baba ya dube ni, na dube shi. Mutumin kirki, dattijon coci, shekara talatin yana hana yara ƙiriniya. Ya ce, "Ladi, hannuna yana ciwo. Danna mini."

Na danna ham da hannu biyu.

Iro ya yi sama, rake ya yi gabas, takalmi ya yi yamma, ya sauka zaune daram a kan Tozo. Baba ya sauke gilashi a hankali.

Iro ya cire hula. "Barka da asuba, Malam Yohanna."

Shekara bakwai rabon da in ji sunan Babana a bakin layin nan.